Faɗi, Faɗo, Faɗa: Faɗuwar Abu Cikin Mota Mai Tafiya da Yadda Za a Bayyana Ta da Hausa

1. Gabatarwa

A birnin Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko a ƙasar Nijar mai koyar da yara da harshen gida, a shekarar 1973, kuma da Hausa aka soma. Makarantun gwaji na firamare ne, saboda haka ƙarfin masu shirya littattafai ya fi karkata ga karatu da rubutu da lissafi. A watan Maris na 2025 kuwa, sabon kundin tafiyar da mulkin ƙasa ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan matsayi yana bukatar harshen ya ɗauki darussan da a da Faransanci kaɗai ke ɗauke da su, har da ilmin motsi.

Manufar wannan maƙala ita ce a ɗauki darasi guda, watau faɗuwar abu cikin abin hawa mai tafiya, a bayyana shi da Hausa, sa'an nan a duba inda harshen ke taimakon malami da inda zai iya ruɗa shi. An zaɓi darasin ne domin amsarsa tana sauyawa gwargwadon wanda ke yin awo. Hausa kuwa harshe ne da aikatau ɗinsa ke nuna wurin da mai magana yake. Sai dai, kamar yadda za a gani, wurin mai magana dabam, abin da masana motsi ke nufi dabam.

2. Goro guda, turba biyu

A ƙaddara wata motar fasinja ta tashi daga Zinder ta nufi Mirriya, watau ta fuskanci gabas. Hanya miƙaƙƙiya ce, tagogi a rufe, direba yana tafe da gudu ɗaya, kilomita 72 a awa, ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Wannan gudu daidai yake da mita 20 a kowace daƙiƙa (daƙiƙa a nan ita ce kashi ɗaya cikin sittin na minti). Wani fasinja yana tsaye da goro a hannu, tsakanin hannunsa da daɓen motar santimita 123 ne. Sai ya buɗe hannu ya saki goron, ba tare da ya jefa shi ba.

Fasinjan zai ga goron ya sauka sak, ya dira kusa da ƙafarsa cikin rabin daƙiƙa. Manomin da ke tsaye a bakin hanya kuwa, da zai iya hango cikin motar, da wani abu dabam zai gani. Cikin rabin daƙiƙar nan mota ta ci mita 10, goron kuma ya dira cikinta, ke nan shi ma ya ci mita 10 gabas yana cikin sauka. Ga yadda awon manomin zai kasance:

bayan daƙiƙa 0,1: sauka santimita 5, tafiya gabas mita 2
bayan daƙiƙa 0,2: sauka santimita 20, tafiya gabas mita 4
bayan daƙiƙa 0,3: sauka santimita 44, tafiya gabas mita 6
bayan daƙiƙa 0,4: sauka santimita 78, tafiya gabas mita 8
bayan daƙiƙa 0,5: sauka santimita 123, tafiya gabas mita 10

Abin lura a nan shi ne, jerin sauka yana ƙara tazara, domin jan ƙasa yana ƙara wa goron gudun sauka da mita 9,8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Jerin tafiya gabas kuwa tazararsa ɗaya ce, domin babu abin da ke tura goron gaba, babu kuma abin da ke tare shi. Tun yana hannun fasinja yake tafiya da gudun motar, sakinsa da aka yi bai raba shi da wannan gudu ba. Idan aka haɗa jerin biyu a kan takarda, sai a sami layi mai lanƙwasa wanda masana lissafi ke kira farabola. Irin turbar da harsashin igwa ke bi ce idan aka harba shi a kwance daga kan ganuwa, kamar igwar da aka riƙa ƙerawa a Zinder zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19, muddin aka ajiye turjiyar iska gefe.

A ƙara mai kallo na uku: wata ƙaramar mota tana wuce motar fasinjan da gudun kilomita 90 a awa, watau mita 25 a daƙiƙa. Ga wanda ke cikinta, goron baya yake yi da mita 5 a daƙiƙa, kafin ya dira ya ja baya mita biyu da rabi. Goro ɗaya, faɗuwa ɗaya, amma wani ya auna layi a tsaye, wani ya auna lanƙwasa zuwa gaba, wani lanƙwasa zuwa baya. Babu wanda idonsa ya yaudare shi cikin su ukun. Kowannensu ya ɗauki wani jiki a matsayin abin da ba ya motsi, ya yi awo daga gare shi: na farko motar fasinja, na biyu hanya, na uku ƙaramar mota. Wannan jiki, haɗe da ma'aunin tsawo da agogon da ke manne da shi, shi ne littattafan Faransanci ke kira référentiel. A nan za a kira shi madogarar awo. Dalilin zaɓen kalmar yana sashe na 7.

3. Abin da ke sauyawa da abin da ba ya sauyawa

Siffar turba tana sauyawa daga madogara zuwa madogara, haka ma tsawonta da gudun abin. Lokacin da goron ke taɓa daɓe, fasinja zai auna gudun mita 4,9 a daƙiƙa, manomi kuwa sama da mita 20 da rabi. Amma su duka za su yarda a kan abu uku: tsawon lokacin faɗuwa, watau rabin daƙiƙa, yawan ƙaruwar gudun sauka, da kuma abin da ya auku, watau goro ya dira kusa da ƙafar fasinja. Tun 1905 Einstein ya nuna cewa lokaci kansa yana bambanta tsakanin madogarai, sai dai bambancin ba ya fitowa sai gudu ya kusanci na haske, kilomita dubu 300 a daƙiƙa. A kan hanyar Mirriya babu agogon hannun da zai nuna shi.

Akwai yanayi biyu da ke fita daga wannan bayani, kuma su ne suka fi yawa a rayuwar ɗalibai. Na farko iska. Duk wanda ya taɓa yar da takarda ta tagar mota ya ga ta yi baya nan take. Iskar waje tana tare da ƙasa, ga na cikin mota kuwa guguwa ce mai gudun kilomita 72 a awa tana kaɗowa daga gaba, ita ke kwashe takardar. Dutsen da aka saki ta tagar zai bi motar kusan kafaɗa da kafaɗa har ya taɓa ƙasa. Na biyu birki. Idan direba ya taka birki daidai lokacin sakin goron, har gudun motar ya riƙa raguwa da mita 4 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, goron zai dira rabin mita gaba da ƙafar fasinja, a kan layi miƙaƙƙe amma a karkace. Ga manomi babu abin da ya sauya a turbar goron: motar ce ta rage gudu, goron ya ci gaba da nasa. Saboda haka ake rarrabe madogara mai tafiya miƙe da gudu ɗaya da wadda ke ƙara gudu, ko ragewa, ko shan kwana.

Wannan ba batun aji kaɗai ba ne. Yaron motar da ya diro daga babbar mota tana cikin tafiya yana sauka da gudun motar a jikinsa. Ƙafafunsa su tsaya, gangar jikinsa ta ci gaba, sai ya kifa ta fuska. Buhun da ya suɓuto daga saman kaya shi ma gaba yake yi, zuwa ga wanda ke tsaye a gefen hanya ta gaban motar.

4. Ƙasa ita ma madogara ce mai tafiya

Manomin bakin hanya bai fi fasinja tsayawa cik ba. Zinder tana kan digiri 13 da minti 48 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma a wannan wuri juyawar duniya tana tafiya da kome gabas da gudun kimanin mita 450 a daƙiƙa. Cikin rabin daƙiƙar faɗuwar goro, hanya da manomi da gonarsa sun ci kimanin mita 225.

Masanan da, tun daga Aristotle da Batlimus, sun kafa hujja da faɗuwa a kan cewa ƙasa ba ta motsi: da tana juyawa, in ji su, da abin da aka jefa sama ko aka saki daga sama ba zai dawo daidai wurinsa ba. Nasiruddin al-Tusi, wanda ya rasu a 1274, ya nuna a littafinsa al-Tazkira cewa irin wannan hujja ba ta yanke hukunci, ko da yake shi kansa ya tsaya a kan cewa ƙasa a tsaye take. Galileo, a littafinsa na 1632, ya kawo misalin jirgin ruwa mai tafiya da gudu ɗaya, wanda na cikin ɗakinsa ba zai iya gane tafiyarsa ta hanyar faɗuwar abu ba. A 1640 Gassendi ya jarraba a tekun Marsel ta Faransa: dutsen da aka saki daga ƙololuwar sandar jirgi mai gudu a gindin sandar ya dira. A 1687 Newton ya mayar da wannan doka ta farko cikin dokokin motsi.

Amma da yake ƙasa juyawa take yi, ba miƙewa ba, akwai ɗan saɓani. Bakin rijiya ya fi gindinta nisa daga sandar juyawar duniya, saboda haka ya ɗan fi shi gudu gabas. Dutsen da aka saki daga baki yakan dira gabas kaɗan da inda igiyar magini ke nunawa. A 1831 Ferdinand Reich ya auna wannan a wani ramin ma'adinai na Freiberg a Jamus mai zurfin mita 158, ya sami kimanin milimita 28. Bisa lissafi, a rijiya mai zurfin mita 40 a ƙasar Damagaram karkatar ba za ta wuce milimita 5 da ɗan abu ba. Don haka littafin firamare yana iya ɗaukar ƙasa a matsayin madogara mai gudu ɗaya ba tare da ya yi kuskuren da za a gani ba.

5. Aikatau na faɗuwa a Hausa

Inda Faransanci ke da tomber, Hausa tana da siffofi uku daga saiwa ɗaya:

(1) Goro ya faɗi.
(2) Goro ya faɗo daga saman mota.
(3) Goro ya faɗa cikin kwando.

A tsarin azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya fitar a 1960, faɗa yana aji na ɗaya, faɗi aji na uku, faɗo aji na shida. Jimla ta (1) tana ba da labarin faɗuwa kawai. Ta (3) tana nuna inda abin ya ƙare. Ta (2), mai ɗafa-ƙeyar -o, tana nuna motsi zuwa wajen mai magana, ko zuwa wurin da labari ya kafa a matsayin "nan". Wanda ke saman babbar mota zai ce buhu ya faɗi, na ƙasa ya ce buhu ya faɗo.

Ganin haka, malami na iya zaton cewa harshen ya riga ya yi masa aikin: faɗi ga na cikin mota, faɗo ga na bakin hanya. Wannan zato bai yi daidai ba, kuma misali biyu sun isa su nuna haka. A ɗauki mutum biyu a unguwar Birni, ɗaya a kan dutse, ɗaya a gindinsa, aka saki tsakuwa daga sama. Na sama zai ce ta faɗi, na ƙasa ya ce ta faɗo. Aikatau ya bambanta, alhali madogararsu ɗaya ce, domin babu mai motsi cikinsu game da ɗan'uwansa. Awonsu zai zo daidai. A ɗauki kuma fasinjan da ke zaune cikin mota da manomin da motar ke giftawa ta gabansa daidai lokacin da goro ya suɓuto daga wajen ajiye kaya na sama. Kowannensu yana iya cewa ya faɗo. Aikatau ɗaya ne, madogara biyu. Ke nan ɗafa-ƙeyar -o tana amsa tambayar ina mai magana yake, madogarar awo kuwa tana amsa tambayar da me mai awo ke tafiya tare.

Inda harshen ke da taimako na gaske shi ne bambancin saki da jefa:

(4) Ya saki goron.
(5) Ya jefa goron.

Saki yana nuna hannu bai ƙara wa abin wani gudu ba, jefa yana nuna ya ƙara. Ga fasinja, (4) ce ta auku, kuma goron daga tsaye ya soma. Ga manomi, turbar goron ba ta da bambanci da ta abin da aka jefa a kwance da gudun mita 20 a daƙiƙa. Malami yana iya gina darasin gaba ɗaya a kan wannan: hannu saki ya yi, amma a awon hanya goron tamkar jifa yake tafiya. Saboda haka bai kamata mai fassara ya riƙa musanya saki da jefa da yar da domin gudun maimaici ba. A wannan darasi kowanne da aikinsa.

Akwai kuma ƙaramar matsala ta rubutu. Da yake ƙa'idar rubutun yau da kullum ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali, faɗi na faɗuwa da faɗi na magana da faɗi na awon fili duk kama ɗaya suke a takarda. A darasin da ke cike da awo, ya fi kyau a yi amfani da sunan aiki faɗuwa duk inda jimla za ta iya ɗaukar ma'ana biyu.

6. Gaba da baya

(6) Goron ya faɗi baya.

Wannan jimla tana iya nufin goron ya dira wajen ƙarshen motar, bayan ƙafar fasinja. Tana iya nufin ya dira yamma da wurin da aka sake shi a kan hanya. Ma'ana ta farko ta madogarar mota ce, ta biyu ta madogarar hanya, kuma jimlar ba ta nuna wadda ake nufi ba. Matsalar tana ƙaruwa idan abin da ake kwatance da shi ba shi da fuska ta kansa, kamar itace ko dutse. Clifford Hill ya nuna, a nazarinsa na 1982 mai kwatanta Hausa da Ingilishi, cewa Bahaushe yakan ɗauki irin wannan abu kamar yana fuskantar inda shi mai magana ke fuskanta, saboda haka abin da ke can gaba da dutse, in ana ganinsa, yana gaban dutsen. Mai Ingilishi ko Faransanci kuwa yakan ɗauki dutsen kamar yana fuskantarsa, sai ya ce abin yana baya. Wanda ya fassara derrière da baya kai tsaye yana iya juya hoton darasin ba tare da ya sani ba.

Maganin yana cikin harshen. Hausawa, musamman na karkara, sun saba kwatance da gabas da yamma da kudu da arewa ko da a cikin gida ne. Waɗannan kalmomi manne suke da ƙasa, saboda haka sun dace da madogarar hanya. Gaban mota da bayan mota kuwa manne suke da mota, sun dace da madogararta. Idan littafi ya riƙe wannan rabo, zai rubuta:

(7) A awon mota, goron ya dira daidai ƙarƙashin hannun fasinja.
(8) A awon hanya, goron ya dira mita 10 gabas da inda aka sake shi.

Ba masu jin Hausa kaɗai wannan darasi ke ba wuya ba. Edith Saltiel da Jean-Louis Malgrange sun nuna a 1980 cewa ɗalibai da yawa suna ɗaukar motsi ɗaya a matsayin na gaskiya, sauran kuma na gani kawai. Michael McCloskey da abokan aikinsa sun nuna a 1983 cewa ɗaliban jami'a da dama a Amurka suna zaton ƙwallon da mai tafiya ya saki zai dira daidai inda aka sake shi. Kuskuren na ɗan Adam ne. Abin da ya rataya a wuyan mai shirya littafi shi ne kada kalmominsa su ƙarfafa shi.

7. Zaɓen kalma

Hausa tana ƙirar sunan wuri da ɗafa-goshi ma- da wasalin ƙarshe -a, kuma kalmomi uku na wannan ƙira suna iya zuwa a rai. Mahanga, daga hanga, tana nuna wurin da ido yake, ga shi kuma an saba da ita a ma'anar ra'ayi, kamar a ce a mahangar malamai. Ɗalibi zai ɗauka cewa turbar goro ra'ayi ce, ko kuwa ta dogara ga kusurwar kallo, wanda shi ne ruɗanin da sashe na 5 ya warware. Matsaya, daga tsaya, tana ɗauke da ma'anar rashin motsi, alhali ainihin darasin shi ne abin da ake awo daga gare shi yana iya kasancewa cikin tafiya. Madogara, daga dogara, ba ta ambaci ido ba, ba ta ambaci tsayuwa ba; abin da aka jingina a kansa kawai take nunawa. Idan aka haɗa ta da awo, sai ta ba da ma'anar da ake bukata, ta kuma karɓi ƙari cikin sauƙi: madogarar mota, madogarar ƙasa, madogara mai gudu ɗaya.

Haka nan ya fi dacewa a ce jan ƙasa maimakon maganaɗisun ƙasa da akan ji a bakin wasu, domin maganaɗisu ƙarfe yake ja, ba ya jan goro, kuma ɗalibi zai gamu da shi a wani darasi dabam.

8. Kammalawa

Shawarwarin da suka fito daga wannan nazari ga masu shirya littattafan makarantu da na yaƙi da jahilci su ne: (a) kowace jimla mai bayanin turba ko gudu ta ambaci madogararta a fili, (b) kada a ɗora wa faɗi da faɗo aikin rarrabe madogara, (c) a tsare bambancin saki da jefa, (d) a keɓe gabas da yamma ga awon ƙasa, gaban mota da bayanta ga awon mota, (e) a yi bayanin iska da birki tun da wuri, domin daga su ɗalibi ya samo abin da ya riga ya sani.

Darasin ba ya bukatar kayan awo masu tsada. A ja layi a filin makaranta, yaro ya taho da gudu riƙe da dutse, ya sake shi daidai kan layin, sauran yara suna tsaye a gefe. Idan gudunsa mita 4 ne a daƙiƙa, hannunsa kuma santimita 80 daga ƙasa, dutsen zai dira kimanin mita ɗaya da rabi gaba da layin, kusa da ƙafar yaron. Sai a sa mai gudu ya faɗi abin da ya gani, masu kallo su faɗi nasu, a rubuta jimlolin a allo kamar yadda suka fito daga bakinsu. Waɗannan jimloli, idan malaman makarantun Damagaram da Maraɗi da Tawa suka tattara su, su ne za su nuna ko madogarar awo da sauran kalmomin da aka ba da shawara a nan sun zauna a bakin yara, ko kuwa suna bukatar gyara kafin a buga su a littafi.